Shekarar Da Aka Tsallake Sunan Baaba

Ni dai tun tasowata abin da na sani game da haraji shi ne gudu. Da an sare dawa, an ji ɗan aiken Jauro, wato mai unguwarmu, ya zaga lungu-lungu yana cewa Jauro na gaida kowa da kowa, to shi ke nan, cikin garin Yola ya rikice. Mutumin da jiya ka gan shi ya ɗauko buhun gyaɗa shi kaɗai, yau ya kwanta ciwon baya. Samarin da gemu ya fara tsiro musu su yi sammakon gidan wanzami, don kada a ce sun isa biya. Wasu kuwa sai a lokacin suke tunawa suna da dangi a Garwa, su tsallaka iyaka, ba a sake ganin ƙeyarsu sai bayan wata biyu. Haka na taso na gani, don haka ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mahaluƙin da zai so biyan haraji ba.

Lokacin da aka rarraba Arewa, aka ce mu yanzu 'yan Jihar Arewa maso Gabas ne, ina koyarwa a wata firamare a Jimeta. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina kuma da baki, wanda har gobe bai mutu ba. Cikin abin da nake koya wa 'yan aji shida har da dalilin da ya sa gwamnati ke karɓar haraji. Na haddace shi tsaf: don a yi hanya, a gina asibiti da makaranta, a haƙa rijiya, a biya ɗan doka da alƙali da malami irina. Nakan rubuta a allo, yara su maimaita da ƙarfi har ajin kusa su ji. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a da Kaduna ake kai kuɗin, yanzu an ce Maiduguri. To ta ina suke biyowa su dawo Jimeta?" Na ce ta zauna, ba a yi wa malami tambayar rainin wayo. Gaskiyar magana ban sani ba.

Hedimastanmu dattijo ne Kirista daga kudancin Adamawa, mai son gardama da shayi. Da na ba shi labari a ofis sai ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce abin da ke littafi rabin zance ne. A ƙauyensu, in ji shi, kakansa bai taɓa buƙatar sule ba, yana da doya, yana da awaki, me zai yi da ƙarfe? Sai da aka ce kowane namiji ya kawo kuɗi, kuɗi kuwa ba a karɓar akuya a madadinsu, sannan mutane suka shiga noman auduga da gyaɗa, samari suka gangaro bakin Binuwai dakon kaya a jiragen ruwa. Ya ce, "Haraji ne ya koro ni makaranta, Malam. Shi ya cika Jimeta da mutane." Na fita daga ofishin, kaina ya fi na yarinyar nan kullewa. Abu ɗaya, a ce shi ke gina asibiti, a ce kuma shi ke koro mutum daga gidan ubansa?

Mahaifina, da muke kira Baaba, baduku ne. Yana da rumfa a kasuwar Yola inda ya shekara da shekaru yana ɗinka kube da jakar Alƙur'ani da rigar laya. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa, Goggo, ita ke riƙe da gidan. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma da wuya ya dube ni ya yi mini magana. In yana son ya ce mini wani abu sai ya faɗa wa Goggo ina zaune a wurin, ita kuma ta juyo ta maimaita mini, kamar ban ji ba. Haka ake yi a gidajen Fulani na da, ba mu ɗauke shi wani abu ba.

To, a shekarun nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko zare ne ba ya shiga allura, daga baya ɗinkin ya fara karkacewa, masu saye suka koma rumfar gaba. Harajin wata shekara sai da ya sayar da ragon da yake kiwo don layya. Shekarar da ta biyo ya sayar da babbar rigarsa ta saƙi, wadda ya gada. Da na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Na hau keke na zo Yola, na ajiye kuɗi a gaban Goggo na ce daga yau ni zan riƙa biya masa. Ta kai masa saƙo, ya dawo da amsa ta bakinta: albashina nawa ne, kansa kuwa nasa ne. Ta turo mini kuɗin da bayan hannu.

Kai, na yi fushi! Duk hanyar Jimeta ina tuƙa keke ina masifa ni kaɗai. Tsoho ba ya gani, ba ya samu, an ce a taimake shi ya ƙi. Ana cikin haka na ji a bakin wani akawu cewa doka ta yarda a yafe wa wanda tsufa ko nakasa ta hana shi nema. Na ce yauwa, ga inda boko zai yi rana. Na lallaɓi Goggo ta kai shi asibiti da sunan neman maganin ido, na karɓi takardar likita, na zauna na rubuta takardar roƙo da Turanci mai kyau, har sai da hedimasta ya ce in ba shi ya kwafa. Na kai ofishin hakimi. Ba a yi wata biyu ba aka ce an amince. Ban gaya wa kowa a gida ba, ina so abin ya zo masa ba zato, ya ga amfanin ɗan da aka kai makaranta.

Ranar karɓa a unguwarmu tana da tsari. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren Jauro, magidanta su zauna, kowa da inda yake zama tun zamanin ubansa. Malamin haraji, wanda ke riƙe da littafi, shi ke kiran sunaye gida-gida, yadda gidajen suke jere a lungu. In an kira ka sai ka amsa, ka matso, ka zube kuɗinka, Jauro ya ce madalla, a yage maka rasit. Na nemi izini a makaranta na zo musamman, na raɓe daga baya. Baaba ya riga ni zuwa. Ya sa farar riga wankakkiya, ya naɗa rawani, sandarsa a gefe, kuɗinsa ƙulle a 'yar jakar fata a cinyarsa. Ban san me ya sayar ba a wannan karon, ina dai murna a raina cewa zai koma gida da abinsa.

Aka kira maƙwabcinmu na dama, mahauci, ya je ya biya yana ƙunƙuni. Na ga Baaba ya gyara zama, ya fara kwance bakin jaka. Sai aka kira maƙwabcinmu na hagu.

Baaba ya saki bakin jakar. Ya ɗan karkata kai wajen mai kiran, yana jira. Aka gama lungunmu, aka shiga na gaba, aka gama shi ma. Rana ta take, mutane suka fara raguwa, yana nan zaune da jaka a buɗe. Sai da malamin ya rufe littafi sannan Baaba ya yi gyaran murya ya ce da Fulatanci, "Allah ya ba Jauro nasara, an tsallake gida ɗaya."

Malamin ya sake buɗe littafin, ya juya can baya. Ya ce, "A'a, Baaba, ba mantuwa ba ce. An mayar da kai shafin ƙarshe." Baaba ya ce wane ne shafin ƙarshe? Shi kuwa malamin, yaro ne mai son a ga ya iya aiki, sai ya karanto kan shafin da ƙarfi: waɗanda suka mutu, waɗanda suka gudu, da gajiyayyu. Ya ƙara da cewa, "Kai kana cikin gajiyayyu. Ɗanka ne ya rubuto."

Mahaucin nan ya tafa hannu ya ce, "Barka, barka! Ina ma ni!" Wasu suka taya shi, har da mai cewa Allah ya ba shi ɗa irina. Ni kuwa ina baya ina washe baki. Baaba ya ƙulle jakarsa a hankali, ya laluba sandarsa, ya miƙe. Na matso in kama masa hannu, ya janye. Jauro, wanda sa'ansa ne, tare suka yi karatun allo, ya dube ni wani irin kallo, ya kawar da kai. A nan na fara shan jinin jikina, amma wallahi ban gane laifina ba.

Da na shiga gida Goggo ta tare ni a tsakar gida, ba ta ko amsa sallamata ba. Ta ce, "Kai yanzu abin da bokon ya koya maka ke nan? Ka rubuta ubanka cikin matattu yana numfashi?" Na ce haba Goggo, wane irin matattu, hutu na nema masa. Na shiga yi mata bayani, har da lissafa mata hanya da asibiti, cewa gwamnati mai ƙarfi take nema, ba ta buƙatar sulallan makaho. Kalmar ta fita kafin in kama ta, Baaba kuwa yana ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu. Goggo ta riƙe baki. Ta ce in hau kekena in tafi tun ba ta faɗi abin da za ta yi nadama ba.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ina! Baaba ya daina zuwa rumfa. Shinkafa da man gyaɗa da nake aikowa daga Jimeta ya ce kada a sa masa a tukunya. Da damina rijiyar unguwa ta rufta, aka tara magidanta a kan yadda za a gyara, ya daure ya je. Ya fara magana ke nan wani matashi, ba da mugun nufi ba, ya ce, "Baaba, kai ai an hutar da kai, bari masu biya su ji da wannan." Aka ce komawa ya yi gefe, ya jira aka tashi. Bayan nan ɗan aiken Jauro ya zo da wani saƙo, ya yi sallama a ƙofa ya ce yana neman maigida, da Baaba ya fito sai ya ce a'a, Malam na Jimeta yake nufi. Ashe a littafi an mayar da gidan da sunana. Daga ranar Baaba bai ƙara fita ba sai masallaci, ya rame, rawanin ma ya ajiye shi.

Na rasa inda zan sa kaina. Rabin gari na gudun wannan littafi, ga mutum ɗaya yana neman ya mutu don an cire shi. Na kai wa hedimasta kuka, shi da ya ce haraji ne ya kore shi daga gida, ina tsammanin zai goya mini baya. Sai ya ajiye kofinsa ya ce nasa uban ma, duk zagin da yake yi wa masu karɓa, rasit ɗinsa a cikin gora yake adana su, in an yi baƙi ya fito da su. Na ce to me ke nan? Ya ce shi ma bai sani ba, in je in gyara ɓarnata.

Gyaran ne ya gagara. Na koma ofishin hakimi na ce a mayar da sunan. Akawun ya cire tabarau ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin wanda ya zo roƙon a sa masa haraji ba, babu ma takardar da ake cikewa don haka. Suka tura ni baitulmali. Can aka ce lissafin ya riga ya tafi Maiduguri, in ina so a canza sai likita ya rubuto cewa idon ya warke, ko ni in rubuta cewa ƙarya na yi da farko, in kuwa na rubuta haka aikina na iya tafiya. Na ɗaga murya, na buga tebur, na ce kuɗi fa na kawo muku, ku da kuke bin mutane har cikin rumbu! Wani masinja ya kama ni ya fitar da ni waje yana ba ni haƙuri. Sau biyar ina zuwa, amsar ba ta canza ba.

Daga nan na yi abin da har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Na sami malamin haraji a gidansa na roƙe shi, in shekara ta zagayo ya kira sunan Baaba a inda yake da, ya karɓi kuɗin, ya ba shi wata takarda. Ya ce rasit ƙidayayye ne, kowane da lambarsa, ba zai iya yagar ko ɗaya ba, kuɗin kuma ba shi da inda zai shigar da su, in aka same su a hannunsa ɗauri ne. Na ce takarda ni zan kawo, kuɗin kuma ya mayar mini a ɓoye. Muka je wa Jauro da maganar. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi bai ji komai ba, amma in an kira suna zai ce madalla.

Na je na gaya wa Goggo cewa an gyara, Maiduguri ta amince. Ta yi guɗa, ta shiga ta faɗa masa. Jama'a, sai ga Baaba ya tashi! Ɗinki ya fi ƙarfinsa, amma yatsunsa sun san fata, sai ya koma tufkar igiyar laya da maɗaurin wuƙa da lalube, Goggo na kai wa masu rumfa. Wata bakwai yana wannan, sisi-sisi, yana tarawa. Ya koma cin abinci, har shinkafata ya yarda aka dafa. Duk lokacin da na zo na same shi a zaure da fata a cinya yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, sai daɗi da tsoro su kama ni tare. Sau biyu na yi niyyar faɗa wa Goggo gaskiya, in ga yadda take murna in fasa.

Ranar ta zo. Na yanko takarda daidai girman rasit daga littafin makaranta, na yi mata layuka, na buga mata hatimin ajinmu. Wannan karon Baaba ya yarda na ja masa gora, ina riƙe da kan sanda yana riƙe da ƙarshenta. Ya zauna a wurinsa. Aka kira mahauci, ya biya. Sai malamin ya kira sunan Baaba, da ƙarfi, har da sunan kakana. Baaba ya bari sai da aka sake kira, sannan ya amsa da muryar da na manta yana da ita. Ya matsa, ya zube sulallansa a tabarma, ya tura su ɗaya bayan ɗaya. Jauro ya ce madalla. Mahaucin ya ce, "Kai, wannan tsoho da neman wahala yake!" Aka yi dariya, Baaba ma ya yi. Aka miƙa masa takardar, ya shafa ta da babban yatsa, ya bi gefenta, ya linke ya sa a hula.

Da aka tashi, malamin ya yafuto ni bayan zaure, ya juye mini kuɗin a aljihun riga da sauri, ya koma. Na zo na kama sanda muka nufi gida. Mutane na ta gaishe shi, yana amsawa da sunan kowa, yana tambayar iyali. Na ce a raina Alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Mun shiga lungunmu, inda katanga ta matse hanya ba kowa, sai na ji sandar ta tsaya. Na juya. Fuskarsa na kallon gaba, ba wajena ba. Ya yi magana a hankali, ba Goggo a tsakani.

"Raba su aljihu biyu. Suna ƙara, mutane za su ji."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya jira. Na sa hannu na ɗebi rabi na mayar ɗaya aljihun, sule ɗaya ya faɗi ƙasa. Ya nuna mini inda ya gangara da kan sandarsa, na duƙa na ɗauka. Ya ce, "Mu je."

A ƙofar gida Goggo na tsaye tana jiranmu. Ta ce, "Yaya?" Ya cire takalmansa, ya miƙa mata sandar, ya ce, "An biya." Ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, tana sa mini albarka, shi kuma ya wuce ɗaki ya saki labule.

Ban iya cin tuwon da ta zubo mini ba. Na ce ina da aji da yamma, na ɗauki keke. Kuɗin nan gwamnati ba ta san da su ba, mai su ba zai karɓa ba, ni kuma ba nawa ba ne. Har na isa Jimeta ina tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da aljihu.